Kai Iyali Kanada: Abin da Ya Kamata a Sani Tun Kafin a Sa Rana

 

Yau shirin namu zai leƙa ƙasar Kanada. Muna da 'yan uwa a can. Wasu karatu ya kai su, wasu aiki. Mutum ya zauna, Allah ya buɗa masa, ya samu takardar zama. Sai hankalinsa ya komo gida. Matarsa na Kano, yaransa na hannun kaka, shi kuma yana Toronto yana kwana shi kaɗai. Yana son su je su same shi.

Dokar Kanada ta yarda da hakan. Hanyar ita ce ɗaukar nauyin iyali: wanda ke can ya tsaya wa matarsa, ko mijinta, ko ɗansa, har a ba su izinin zama na dindindin. Ma'aikatar da ke kula da wannan ita ce ta shige da fice da 'yan gudun hijira da zama ɗan ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da IRCC.

Ga yadda za mu bi. Da farko, wa ke da ikon ɗauka. Sai alƙawarin da zai sa wa hannu. Daga nan mu shiga inda al'adarmu da dokarsu suka sha bamban, kuma nan ne za mu fi daɗewa. Sai mu rufe da takardu da 'yan damfara. Iyaye, kada ku ce wannan zancen matasa ne. Ku ne masu sa rana, ku ne masu ɗaura aure, don haka ku matso kusa da rediyo.

To, kashi na farko. Wa ke da ikon ɗauka?

Ɗan ƙasar Kanada, ko mazaunin dindindin, wanda ya kai shekara 18. Namiji ko mace, duk ɗaya ne. Mace na iya ɗaukar mijinta kamar yadda miji ke ɗaukar matarsa. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ba ya cikin wannan layi. Mai izinin aiki na wucin gadi ma haka. Su tasu hanyar daban ce.

Mazaunin dindindin sai yana zaune a Kanada zai shigar da buƙata. Ɗan ƙasa kuwa yana iya shigarwa ko daga Abuja, muddin ya nuna cewa zai koma can ya zauna tare da iyalin.

Da yawa na zaton sai mai tarin kuɗi a banki. A yawancin lokuta, doka ba ta yanka wani adadin albashi ga mai ɗaukar mata ko miji ko ɗa ba. Abin da take dubawa shi ne halinka. Idan kana karɓar tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, ba za ka ɗauka ba, sai dai in tallafin nakasa ne. Idan kotu ta ɗora maka kuɗin ciyar da yara ka ƙi biya, an rufe maka ƙofa. Haka wanda ke gidan yari, da wanda aka taɓa samu da laifin fyaɗe ko na raunata wani cikin iyalinsa. Kuma wanda shi ma ta hanyar aure aka kai shi, sai ya shekara 5 da samun takardarsa kafin ya ɗauki wata matar.

Kashi na biyu, alƙawari. Ku saurara da kyau.

Mai ɗaukar nauyi yana sa hannu a wata takarda tsakaninsa da gwamnati. Yana cewa: ci da sha na wannan baiwar Allah, da suturarta, da wurin kwananta, da maganin da inshorar gwamnati ba ta biya, kamar na haƙori da na ido, duk a wuyana suke. Ga mata ko miji, shekara 3 ne, daga ranar da aka ba ta zaman dindindin. Ga yaron da bai kai 22 ba, shekara 10 ne, ko ranar da ya cika 25, duk wanda ya riga zuwa.

Kamar wanda ya tsaya wa ɗan uwansa wajen mai shago ne. In bai biya ba, kai za a nema. Idan matar ta je ta karɓi tallafin gwamnati a cikin shekarun nan uku, kai za ka mayar da kuɗin.

Kuma saki ba ya warware wannan alƙawari. Bari in sake faɗa. Saki ba ya warware shi. Ko kun rabu, ko aiki ya kuɓuce maka, ko ta koma wani lardi, yana nan har wa'adinsa ya cika. Ni a ganina wannan adalci ne. Ka ɗauko 'yar mutane daga gaban iyayenta, ka kai ta ƙasar da ba ta san kowa ba, ga sanyin da ba ta taɓa gani ba. Dole a samu wanda za a tambaya.

Yanzu kashi na uku, wanda shi ne zuciyar shirin. Akwai abubuwan da halal ne a wajenmu, addini ya yarda, dokar ƙasarmu ta yarda, amma jami'in Kanada da nasa ma'aunin yake aunawa.

Na farkonsu, ɗaurin aure ta wakili.

Mun san yadda ake yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ko Asabar da hantsi a ƙofar gida. Waliyyin amarya na nan, wakilin ango na nan. A ambaci sadaki, a yi siga, a shaida, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Ango fa? Yana Kalgari a can Kanada, bai samu hutu ba, yana kallo ta waya. Aure ya ɗauru, babu shakka.

Amma tun watan Yuni na 2015, dokar shige da fice ta Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wurin da jikinsu ba. Ko ta wakili, ko ta tarho, ko ta intanet, ba ta karɓa. Sojojin ƙasar da ke bakin aiki kaɗai aka keɓe. Gwamnati ta ce ta yi hakan ne don kare mata daga auren dole.

Ku lura da kalmar nan: su biyun. Ango da amarya. A wajenmu kuwa, ko ango na gari, amarya galibi tana cikin gida tare da ƙawayenta lokacin da ake ɗaurawa. To, wanda ya san zai nemi kai matarsa Kanada, ya shirya tun kafin ranar. Ango ya nemi hutu, ya sayi tikiti, ya zo. A zauna da liman da iyaye a tsara yadda amarya ma za ta kasance a wurin, cikin sutura da mutunci, tare da 'yan uwanta mata. Wannan bai cire waliyyi ba, bai cire shaidu ba, bai taɓa sadaki ba. A ɗauki hoto. A karɓi takardar shaidar aure.

Wasu kan ƙara da auren rajista, inda su biyun ke tsayawa gaban jami'i su sa hannu. Mai wannan niyya ya sani, a dokar Najeriya auren rajista na mace ɗaya ne. Ya san abin da yake shiga.

Wanda kuma an riga an ɗaura nasa yana nesa fa? Kada ya ɓoye. Dokar Kanada tana da wani rukuni na mutum biyu da suka zauna gida ɗaya kamar ma'aurata, wata 12 a jere. Su can sun tanade shi ne don masu zama ba aure, abin da ba namu ba. Amma ma'auratan da aka ɗaura musu ta wakili, in sun cika wata 12 ɗin tare, ana iya duba su a ƙarƙashinsa. Wannan matsala ce ta zuwa wajen lauya mai lasisi.

Na biyu, shekarun amarya. A wannan watan na Yunin 2015 aka ɗaga mafi ƙarancin shekaru daga 16 zuwa 18. Yarinyar da ba ta kai 18 ba, ba a karɓar ta a matsayin mata.

Na uku, mace fiye da ɗaya.

Kanada mace ɗaya ta sani. Auren mace fiye da ɗaya laifi ne a can, a sashe na 293 na kundin laifuffukansu. A wajen shige da fice, ƙa'idar ita ce: idan a ranar da ka ɗaura aure da wannan matar kana da wata a ɗaki, wannan auren ba a lissafa shi. Ma'ana, uwargida ce doka ke gani. Amarya ba ta shiga. Ko da daga baya ka rabu da uwargida, hakan shi kaɗai bai gyara auren na biyu a idonsu ba, domin ranar ɗaurin suke dubawa.

A nan ina da roƙo ga 'yan uwana maza. Kada takarda ta sa ka saki uwar 'ya'yanka. Kada kuma wani ya ba ka shawarar sakin ƙarya, na takarda kawai, alhali aure na nan. Dokarsu ta san wannan dabara, ta kuma tanadi hukuncinta. Balle saki ba abin wasa ba ne a addini. Mai mata biyu ya zauna da su, ya faɗa musu gaskiyar abin da dokar can ta ce, tun kafin ya ɗaga ƙafa.

Na huɗu, kuma wannan ya fi kowanne ciwo: ɓoye iyali a fom ɗin farko.

Ga yadda abin ke faruwa. Saurayi ya nemi zaman dindindin. Ya rubuta ba shi da aure, kuma gaskiya ya faɗa a lokacin. Biza ta fito. Gida ya ɗauki murna. Sai mahaifiya ta ce, ɗana, ba za ka tafi ƙasar Turawa a gwauro ba. Cikin mako uku aka ɗaura. Ya hau jirgi. A filin jirgin can jami'i ya tambaye shi ko wani abu ya canza a rayuwarsa. Ya ji tsoron kada a mayar da shi, ya ce babu. A ransa yana cewa, in na zauna sai in ɗauko ta.

Ba zai iya ɗauko ta ba. Doka ta ce duk matar da kake da ita, duk ɗan da kake da shi, kafin ranar da ka zama mazaunin dindindin, dole ka bayyana su, a kuma duba lafiyarsu da tarihinsu, ko da ba za su bi ka ba. Wanda ba a bayyana ba an cire shi daga jerin iyalin da za ka iya ɗauka, kuma cirewar ba ta da wa'adi. An taɓa yin wani sassauci ga wasu rukunai ƙalilan, kamar 'yan gudun hijira, amma bai shafi wanda ya shiga ta hanyar ƙwarewar aiki ba. Bayan haka, shi kansa takardarsa na cikin haɗari, domin ya yi wa hukuma ƙarya.

Don haka, in ka yi aure bayan ka tura fom, ka sanar. In an yi maka haihuwa, ka sanar. In kana da ɗa daga auren baya da ke hannun mahaifiyarsa, ka rubuta sunansa. Za a samu jinkiri, gaskiya ne. Jinkirin watanni ne. Ka rubuta kowa. Ina maimaitawa: ka rubuta kowa.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan kai mata ko miji ko 'ya'ya ƙasar Kanada. Yanzu za mu juya kan yara.

Wane yaro doka ke kira wanda ke ƙarƙashin iyaye? Wanda bai kai shekara 22 ba, kuma ba shi da aure. A da 19 ne, sai aka ɗaga a ranar 24 ga Oktoba, 2017. Ana tsayar da lissafin shekarun ne a ranar da cikakkiyar buƙata ta isa hannun hukuma. Idan yaro na da 21 a ranar, ko ya haura 22 ana cikin jira, babu komai. Amma aure na fitar da shi. Yarinya 'yar 20 da aka aurar ana cikin jiran biza ta fita daga lissafi. Iyaye mata, ku riƙe wannan. Wanda ya kai 22 ba ya shiga, sai in wata lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi riƙe kansa tun kafin ya kai shekarun.

Sai zancen riƙo. Mu a wajenmu ɗan wanka ɗanka ne. Maraya ya tashi a gidanka, ba ka taɓa bambanta shi da naka ba, Allah ya ba ka lada. Amma a wannan fom, ɗa shi ne wanda ka haifa, ko wanda kotu ta mayar naka ta hanyar doka. Riƙo irin namu ba ya shiga wannan gurbi. Kada tausayi ya sa ka rubuta shi a matsayin ɗan cikinka. Idan jami'i ya yi shakka, yana iya neman gwajin DNA, gwajin da ke nuna wanda ya haifi yaro. Ƙarya ɗaya a nan na iya jawo wa sauran 'ya'yanka matsala.

'Ya'yan matarka ta biyu kuwa naka ne, kana iya ɗaukar su. Sai dai ƙaramin yaro ba ya tafiya sai mahaifiyar da za a bari ta sa hannu ta yarda, ko kotu ta ba ka riƙonsa. Kuma kafin ka nemi sa hannun nan, ka yi tunani mai zurfi a kan raba yaro da uwarsa. A sa maslahar yaron a gaba.

Kashi na gaba, hujjar cewa auren na gaskiya ne.

Jami'i na tambayar kansa abu biyu. Shin zaman aure ake yi da gaske? Shin don takarda aka ƙulla shi? Auren da iyaye suka haɗa ba laifi ba ne a wajensu, muddin da yardar su biyun. Auren zumunci tsakanin ɗan wa da 'yar ƙani ma bai saɓa dokarsu ba. Amma mai karanta takardunku mai yiwuwa bai taɓa jin labarin lefe ba, bai san kamu ba, bai san kunyar da ke hana amarya tsayawa kusa da ango a gaban surukai ba. To, ku yi masa bayani a rubuce. Yadda aka haɗu, wa ya je neman aure, yaushe aka kai kuɗin gaisuwa, yaushe aka kai amarya. A haɗa da katin gayyata, da hotunan biki da dangi a ciki, da tikitin zuwa gida, da shaidar kuɗin cefane da ake turowa, da tarihin kira da saƙonni na WhatsApp. Kada a goge su. Idan aka kira ganawa, mace ta san aikin mijinta da garin da yake, miji ya san sunayen surukansa.

Takardu kuma, a gurguje. Tun 2022 ta intanet ake turawa. Ana buƙatar fasfo, takardar aure, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Duk abin da aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an fassara shi zuwa Ingilishi ko Faransanci, kuma ba kai ko ɗan uwanka ne zai fassara ba. Ana ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar biza, a Najeriya akwai a Abuja da Legas. Gwajin lafiya sai a wajen likitan da Kanada ta amince da shi, kuma sakamakon na aiki wata 12 ne.

Ku duba ranar haihuwa. Fasfo ya ce Janairu, takardar makaranta ta ce Yuli, katin ɗan ƙasa ya ce wata shekara daban. Ku duba rubutun suna, Muhammad a nan, Mohammed a can. A daidaita tun kafin a tura.

Kuɗin hukuma, a farashin da aka sa a ƙarshen Afrilun 2024, dalar Kanada 1,205 ne ga mata ko miji, da dala 85 na zanen yatsu. Ana sabunta farashin, don haka a duba shafin gwamnati. A Disambar 2016 gwamnati ta sa wa kanta burin gama yawancin irin wannan buƙata cikin wata 12, amma yakan wuce haka. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci, da yawanku Kebek kuke nufa. Ku sani wannan lardi na da nasa matakin na daban, jiransa ya fi tsawo, kuma a 2024 ya ƙayyade yawan buƙatun da zai karɓa.

Kashi na ƙarshe, 'yan damfara.

Babu wanda ya wajabta maka ɗaukar ejan. Kana iya cike fom da kanka. In kuma za ka biya wani, doka ta yarda da lauya mai rajista a Kanada, ko mai ba da shawara da ke da lasisin hukumar da ke sa ido a kansu. Sunayensu na intanet, kowa na iya dubawa. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki, ko ya ce biza tabbas ce, maƙaryaci ne. Duk wanda ya ce zai haɗa ka auren takarda da wata 'yar can, zai jefa ka cikin bala'i ne. Hukuncin ƙarya a fom shi ne haramcin shiga ƙasar na shekara 5. Kuma ko ejan ne ya rubuta ƙaryar, sa hannunka ne a ƙasa. Ka karanta kowane layi.

Idan aka ƙi buƙatar da aka shigar wa iyalin da ke wajen Kanada, galibi mai ɗaukar nauyi na da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Kada a zauna ana jimami har kwanakin su wuce.

Kafin mu yi sallama, kalma ɗaya ga 'yan uwanmu mata da aka kai. A 2012 an sa sharaɗin cewa sai wasu sababbin ma'aurata sun zauna tare shekara 2 kafin takardar ta tabbata. An soke wannan sharaɗi a Afrilun 2017. Idan auren gaskiya kika yi, kika samu zaman dindindin, takardar taki ce. Miji ba shi da ikon ƙwace ta. Idan yana dukanki yana cewa zai sa a mayar da ke gida, barazana ce kawai. Ki riƙe fasfonki a hannunki, ki nemi taimako.

Iyaye, in ɗanku na can ya ce a ɗaga ranar aure har ya samu hutu ya zo da kansa, ku yi masa uzuri, ku ɗaga. In kuma kun san wani gida da ake shirin irin wannan aure, don Allah ku isar musu da abin da kuka ji yau tun ba a raba goro ba.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.